Idan Wuta Ta Tafi Ba Ta Dawo Ba: Amsar Tambayoyin Samarin Majalisarmu a Agege

A rumfar mai cajin waya da ke bakin layinmu a Agege, samari sun shafe kusan wata guda suna bin wani fim mai dogon zango a waya. Labarin wata ƙasa ce da aka wayi gari lantarki ya mutu gaba ɗaya, birane suka watse, maƙwabci ya zare wa maƙwabci makami. Kullum bayan isha'i sai gardama ta kaure, kuma da yake ni ne babba a wurin, kaina tambayoyin suke saukowa. Ga waɗanda suka fi yawa, da abin da nake gani.

Yaya, wane irin labari ne wannan? Tashin alƙiyama suke kwaikwayo?

A'a. Alƙiyama saninta na wurin Allah, kuma bayanta babu sauran noma ko cin kasuwa. Waɗannan labarai kuwa suna farawa ne daga washegarin masifa, inda duniya tana nan amma tsarin da ke riƙe da ita ya tsinke. Wani marubucin annoba yake kawowa, wani yaƙin nukiliya, wani mutuwar lantarki. Abin da duk suke tono shi ne halin ɗan Adam ranar da babu ɗan sanda, babu banki, babu asibiti.

To mu da muka saba da ɗauke wuta, me zai tsorata mu?

Wannan ita ce maganar da aka fi yi da alfahari, ita ce kuma na fi ƙi. Abin da muka saba da shi shi ne NEPA ta ɗauke, janareto ya tashi. Wato wutar ba ta bar mu ba, tsada kawai ta ƙara. Babban layin wutar ƙasa ya faɗi sau da dama a 2024, amma gidan mai bai daina sayarwa ba, waya ba ta daina shiga ba, saboda dizal na nan. Shi kuwa fim ɗin yana magana ne a kan ranar da dizal ɗin ma ya ƙare. Famfon gidan mai da wuta yake aiki. Ma'ajiyar mai ta Apapa da wuta take loda tanka. Turakun sadarwa da yawa dizal suke sha dare da rana. In suka yi shiru, mai POS ya naɗe tabarmarsa, kuɗinka na banki ya zama lamba da ba ka iya gani.

Mun ɗan ɗanɗana gefen wannan. Ku tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, yadda mai dubu ɗari a asusu ya rasa na ƙosai. Ku tuna Oktoban 2024, da mafi yawan Arewa ta yi sama da mako guda a duhu bayan layukan da ke kai mata wuta sun lalace: masu injin niƙa, masu walda da masu ƙanƙara suka zauna, iyayenmu a gida suna biyan kuɗin caji ninki. Alhali a lokacin akwai mai, akwai hanya, akwai Kudu da ke da wuta.

Me zai fara tsayawa a Legas?

Ruwa. Ba na shakkar wannan. Gari ne da ruwa ya kewaye, amma na teku da na tafkin da ke haɗe da shi ba su shawuwa saboda gishiri. Matatun Iju da Adiyan da injina suke turo ruwa, kuma yawancin gidaje ma ba su dogara da su ba, burtsatse ce da famfon lantarki. 'Yan'uwanmu masu tura kura, waɗanda Yarbawa ma ke kira mai ruwa, daga tankin mai burtsatse suke cika jarka. In injin bai ja ba, kura ta zama ƙarfe kawai. Mutum zai yi makonni da yunwa, amma ƙishirwa kwanaki kaɗan take ba shi. Daga nan sai a koma rijiya da ruwan kwata, sai amai da gudawa.

Abinci na biye. Tumatir, tattasai da albasar kasuwar Mile 12, da shanun mayankar Oko-Oba, tafiyar kusan kilomita 1,000 suke yi a bayan tirela. A ƙarshen Fabrairun 2021, da ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da lodi zuwa Kudu bayan rikicin Shasha a Ibadan, cikin 'yan kwanaki kwandon tumatir ya gagari mai ƙaramin ƙarfi. Gari mai mutum sama da miliyan 15 ba shi da rumbu, tirela ce rumbunsa.

Abin zai iya faruwa da gaske?

Na duk duniya lokaci guda, har abada, yana da wuya ƙwarai. Na yanki kuwa ya sha faruwa. A Yulin 2012 sama da mutum miliyan 600 suka rasa wuta a Indiya. A Afrilun 2025 Sifaniya da Fotugal suka yi duhu, jiragen ƙasa suka tsaya a hanya. Akwai kuma guguwar da rana ke fesowa: a 1859 ta hargitsa layukan telegiraf, a Maris 1989 ta jefa lardin Kibek na Kanada cikin duhu na awa tara. Ƙasashen da ke can kusa da ƙarshen arewacin duniya sun fi mu shiga wannan haɗari. Namu ya fi kusa da gida: yawancin wutarmu daga gas take, har da tashar Egbin ta Ikorodu, kuma bututu ɗaya ko turke ɗaya in aka taɓa, jihohi ne ke kwana a duhu.

Kenan gaskiyar fim ɗin ce, kowa ya nemi makami?

A nan na rabu da su. Jaruminsu kullum mutum ɗaya ne da bindiga da jakar gwangwani, bai yarda da kowa ba. Wannan tsoron mutanen da ba su san sunan maƙwabcinsu ba ne. Ba na cewa ba za a yi sata da ƙwace ba. Lokacin kullen korona a 2020 mun kwana muna gadin layi da gora da fitila. Amma ku lura, layi guda muka fito, Bahaushe da Bayarabe da Ibo, ba kowa a ƙofar ɗakinsa ba. Mai shago ya buɗe littafin bashi. Masallaci ya tara garin rogo da shinkafa. Wanda ya tsira shi ne wanda aka san fuskarsa.

Abin da ke hana ni barci daban ne. Mu baƙi ne a idon wasu, kuma abinci a hannunmu yake bi. Ranar da ya yanke, jita-jita ɗaya ta isa a ce mu muka ɓoye. Shi ya sa zaman da Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa ke yi da masu gari yake da nauyi a wurina fiye da duk wata dabarar fim.

In ta ɓaci, ba sai mu kama hanyar gida ba?

Ƙanena, da me? Kakanninmu fatake sun yi wannan hanya da jakuna, kuma cinikin goro ne ya zaunar da Hausawa a Agege tun kafin a san soket. Amma su ayari suke yi, da madugu, da zango sananne, da rijiyoyin da suka haddace, tafiyar kuwa ta watanni ce. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, tun daga nan ƙafa ta fara manta hanya. Gidan ma da kuke tunani, noman rani a wurare da yawa da injin ban-ruwa yake tafiya, takin zamani kuma a mota yake zuwa. Na tambayi samarin nan su goma sha ɗaya wa zai iya haƙa rijiya ya ɗaure bakinta. Mutum ɗaya ya ɗaga hannu, wani ɗan Gumel mai tura kura, wanda ko wayar kallon fim ɗin ba shi da ita.