Mazubin harsashin darma na manyan bindigogin farauta

Mazubin harsashi wasu ƙarafa ne guda biyu da ke haɗuwa baki da baki, an sassaƙa siffar kan harsashi a tsakaninsu, ana zuba narkakkiyar darma ta sandare a ciki. Yana da mariƙi mai kama da awartaki, da ƙusoshi da ke daidaita ɓangarorin biyu, da faranti a sama mai huda wanda ke yanke wutsiyar darma bayan zubi, sai siraran zane a fuskar ƙarfen da iska ke fita ta cikinsu. Kan harsashi kaɗai yake fitarwa. Kwanso da albarushi wani sha'ani ne daban.

A arewacin Kamaru, manyan bindigogin da maganar ta shafa su ne na yankunan farauta masu lasisi da ke kewaye da gandayen dajin Binuwai, Faro da Buba Njida, inda ake harbin ɓauna da gwanki. Da lambar da ke nuna faɗin harsashinsu ake kiransu. Daga cikinsu akwai 9.3×62 ta Jamus (1905), .375 H&H ta Ingila (1912) da .458 Winchester Magnum ta Amurka (1956). Wadda ta girme su duka, .45-70 ta sojan Amurka ta 1873, da harsashin darma mai nauyin giram 26 aka ƙera ta tun asali, shi ya sa ta fi su karɓar zubi.

Awon bututu

Ba da lambar da ke rubuce a jikin bindiga ake sayen mazubi ba. Bindigogi biyu masu lamba ɗaya kan bambanta a faɗin ciki, musamman in ɗaya ta sha aiki. Maƙeran bindiga kan shafa wa bututu mai, su tura dunƙulen darma mai laushi daga baki har gindi, sannan su auna shi da ma'aunin da ke karanta kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Harsashin da ya dace shi ne wanda ya ɗara wannan awo da milimita 0.025 zuwa 0.05. A bindigar .458, wadda faɗinta kan kai milimita 11.63, ana neman mazubin da ke fitar da 11.66 zuwa 11.68.

Wannan ɗan bambanci shi ne komai. In harsashi ya yi siriri, iskar albarushi mai zafi takan kurɗa ta gefensa, ta zaizaye darmar ta manna ta a bangon bututu, harbi kaɗan sai saiti ya lalace. Mai kauri kaɗan ana iya matse shi a zoben daidaitawa. Siriri kuwa gyaransa da wuya. Kuma kamfanoni kan sassaƙa mazubi bisa wani haɗin darma takamaimai. Zallar darma ta fi tsukewa in ta huce, don haka mazubi ɗaya kan ba da harsashi mafi siriri da nauyi da ita, ya ba da mafi faɗi da sauƙi in an ƙara antimoni, wani ƙarfe mai taurara darma.

Tsawo ma abin dubawa ne. Zanen da ke murɗe cikin bututu shi ke juya harsashi, dogon harsashi kuma yana bukatar murɗi mai sauri. A .458 Winchester zanen kan cika zagaye a inci 14, yana riƙe harsashi mai giram 32 ba matsala. Harsashin da ya fi ƙarfin murɗin bututu yakan isa wurin saiti a kaikaice.

Irin ƙarfen

Mazubin baƙin ƙarfe, irin na kamfanonin Lyman da RCBS, yana jinkirin ɗaukar zafi amma yana riƙe shi, abin da babban harsashi ke so. Aibinsa tsatsa: damina ɗaya a Ngaundere ba tare da shafa mai ba ta isa ta ɓata shi. Na alminiyom, irin na kamfanin Lee, ya fi araha da sauƙi a hannu, sai dai duka kaɗan ke lauye shi. Na tagulla ba ya tsatsa, amma akwai nauyi. Ga manyan harsasai, mai rami ɗaya ko biyu ya fi mai shida, domin darma mai yawa takan zafafa ƙarfen fiye da kima.

Siffa da haɗin darma

Mafarauta sun fi son kai mai faɗin baki, don ya fi tsini saurin kayar da dabba. Jikin harsashin yana da kwarmi da ake cika da man shafawa. Idan gudu zai wuce kimanin mita 450 a daƙiƙa, ana zaɓar mazubin da ke rage gindin harsashi don a sa masa hular jan ƙarfe mai kare shi daga zafin albarushi. Ko da hular, darma ba ta jure cikakken gudun .375 H&H; a irin wannan bindiga harsashin zubi na atisaye ne, ba na tarar ɓauna ba.

Darma na narkewa a digiri 327, ana zubi a wajen 370 zuwa 400. Sanannen haɗin Lyman na biyu kashi 90 ne darma, 5 kuza, 5 antimoni. Kuza ke sa ta cika lungunan mazubi, antimoni ke taurara ta, in ya yi yawa kuma harsashi ya farfashe a kan ƙashi. Tutiya ko kaɗan ce takan sa narkin ya yi gudaji.

Harsashi mai tamoji alama ce mazubi bai yi zafi ba, ko akwai sauran mai a ramin. Mai fuska kaushi-kaushi zafi ne ya yi yawa. Mai fiffike a gefe kuwa ɗigon darma ne ya maƙale tsakanin ƙarafan. Da itace ake kankare shi, wuƙa na cin gefen ramin.

Haɗari da doka

Ɗigon ruwa da ya nutse cikin narkakkiyar darma yakan watso ta waje, har gumin goshi a zafin Garwa na watan Afrilu abin kiyayewa ne. Ba a narka darmar batirin mota, saboda dattinta na iya fitar da iska mai guba in ya jiƙe. Ƙurar darma ta fi illa ga yara, kamar yadda aka gani a Zamfara a 2010, inda ta kashe yara fiye da 400, don haka ba a yin aikin a tsakar gida ko da tukunyar girki. A Kamaru, dokar makamai ta ranar 14 ga Disamba 2016 ta sa ƙera harsasai ƙarƙashin izinin hukuma, lasisin riƙe bindiga kuma ba izinin ƙira ba ne.