Dokar "Tsaya Daram" a Amurka da Haɗarinta

"Tsaya daram" laƙabi ne da ake yi wa wasu dokokin kare kai a jihohin Amurka, waɗanda suka halatta wa mutum ya yi amfani da makami, har ya kai ga kisa, muddin yana da dalilin ganin cewa ransa na cikin haɗari, ko da kuwa akwai hanyar da zai kauce lafiya. Sharaɗin shi ne ya kasance a wurin da doka ta ba shi izinin kasancewa, kamar titi ko bakin kanti, kuma ba laifi yake aikatawa ba. Fiye da rabin jihohin ƙasar 50 suna aiki da wannan ƙa'ida.

A shari'ar Ingila ta dauri, wadda Amurka ta gada, wajibi ne wanda aka kai wa hari ya ja da baya iyakar iyawarsa kafin ya ɗauki rai, sai fa idan a cikin gidansa aka same shi, domin ba a tilasta wa mutum ya gudu daga ɗakinsa. Wasu kotunan Amurka sun fara sassauta wannan wajibi tun ƙarni na 19, amma babban sauyi ya zo ne a 2005, lokacin da Gwamna Jeb Bush ya sa hannu a dokar jihar Florida, bisa ƙaimin ƙungiyar masu bindiga ta NRA. Dokar ta fitar da haƙƙin cikin gida zuwa bainar jama'a, ta kuma ba wanda ya yi harbi damar neman kariya daga gurfana gaban shari'a baki ɗaya. A 2017 aka ƙara gyara ta, aka ɗora wa masu gabatar da ƙara nauyin rushe da'awar kare kai tun kafin a fara shari'a.

Masu goyon baya suna cewa bai kamata a sa mutumin kirki ya juya wa ɗan ta'adda baya ba, kuma dokar za ta tsorata ɓarayi. Alƙaluma ba su gaskata wannan fata ba. Binciken da Cheng da Hoekstra na Jami'ar Texas A&M suka wallafa a 2013 ya gano cewa kisan kai ya ƙaru da kusan kashi 8 cikin 100 a jihohin da suka kafa dokar, alhali fashi da fasa gidaje ba su ragu ba. Wani binciken da ya fito a mujallar likitanci ta JAMA Internal Medicine ya nuna cewa a Florida kisan kai ya haura da kusan kashi 24 cikin 100, wanda aka yi da bindiga kuwa da kusan kashi 32.

Babbar illar ita ce ƙaramar cacar baki, wadda da ɗaya ya yi tafiyarsa da ta mutu a nan, takan ƙare da gawa, kuma sau da yawa wanda zai ƙaryata mai harbi shi ne yake kwance. A watan Yulin 2018, a garin Clearwater da ke Florida, Michael Drejka ya tsaya yana yi wa wata mata faɗa kan ajiye mota a gurbin naƙasassu. Abokin zamanta, Markeis McGlockton, ya fito daga kanti ya ture shi ƙasa; Drejka ya zaro bindiga, kuma hoton bidiyo ya nuna McGlockton yana ja da baya a lokacin da harsashi ya same shi. Da farko shugaban 'yan sandan yankin ya ƙi kama Drejka, yana kafa hujja da wannan doka. Daga baya aka gurfanar da shi, kuma a 2019 aka yanke masa shekara 20.

Akwai kuma batun launin fata, wanda ya fito fili bayan George Zimmerman ya harbe Trayvon Martin, baƙar fata ɗan shekara 17 da ba ya ɗauke da makami, a garin Sanford da ke Florida ranar 26 ga Fabrairun 2012. Lauyoyin Zimmerman ba su nemi kariyar kafin shari'a ba, amma an karanta wa masu taimaka wa alƙali lafazin dokar, suka wanke shi a Yulin 2013. Tun da tsoron mai harbi ne ma'auni, duk wanda al'umma ta saba yi wa kallon abin tsoro shi ne jininsa zai fi arha, kuma wannan abin damuwa ne ƙwarai. Nazarin cibiyar Urban Institute na 2013 ya nuna cewa an fi ɗaukar kisa a matsayin halal idan farar fata ne ya kashe baƙar fata, fiye da idan akasin haka ne ya faru, kuma tazarar tana nan a jihohin da ke da dokar.