Waiwaye: Gidan Dabbobin Gundumar Orange, Daga Tsohon Keji Zuwa Rufaffiyar Ƙofa

A cikin watan Maris na 2018 ne Gundumar Orange da ke jihar Kalifoniya a Amurka ta buɗe sabon gidan ajiye dabbobi a garin Tustin. Ginin ya ci kusan dala miliyan 35, a kan fili mai faɗin eka 10. Masu fafutukar kare dabbobi da suka shekara da shekaru suna kuka sun ɗauka wahala ta ƙare. Ashe da sauran rina a kaba, don shekara biyar kacal bayan haka sai ga sabon rahoton bincike yana sukar yadda ake tafiyar da gidan.

A Amurka, karen da ya ɓace, ko kyanwar da mai ita ya gaji da ita, ko dabbar da aka ƙwace daga hannun mai azabtar da ita, duk gidan hukuma ake kai su. Gunduma ce ko birni ke riƙe da irin wannan gida da kuɗin haraji. Ana jiran mai dabba ya zo ya karɓi abarsa, in bai zo ba a nemi wanda zai ɗauka ya riƙa. Wadda ba ta samu kowa ba, allura ake yi mata ta mutu. Rigimar duk a kan wannan mataki na ƙarshe take.

Asalin waɗannan gidaje ba tausayi ba ne, tsoron cizon mahaukacin kare ne. A shekarun 1870, a birnin New York, cusa karnukan da aka kama ake yi cikin kejin ƙarfe a nutsar da su a kogi. Henry Bergh ya kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a 1866, Caroline Earle White da mata 'yan'uwanta kuma suka kafa tasu a Philadelphia a 1869, waɗannan matan ne suka fara buɗe gidan da ake kula da dabbar maimakon a jefar da ita. Duk da haka kisan bai ragu ba har tsawon ƙarni guda. A shekarun 1970 ana ƙiyasta cewa karnuka da kyanwoyi fiye da miliyan 12 ake kashewa duk shekara a faɗin ƙasar. Yau adadin bai kai miliyan ɗaya ba, kuma babban dalili shi ne yaɗuwar aikin hana dabbobi haihuwa da kuma sabawar jama'a da ɗaukar dabba daga gidan ajiya maimakon saye.

Kalifoniya na cikin waɗanda suka ja gaba. A 1994 birnin San Francisco ya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare dabbobi da Richard Avanzino ke shugabanta a lokacin cewa ba za a kashe lafiyayyen kare ko kyanwa da za a iya samar wa gida ba. A 1998 jihar ta kafa dokar da Sanata Tom Hayden ya gabatar, wadda ta tsawaita kwanakin jira daga sa'a 72 zuwa kwana huɗu ko shida na aiki, ta kuma wajabta miƙa dabba ga ƙungiyar ceto in ta nema kafin a kashe ta. A hankali aka samu ma'aunin da kowa ke ambato yanzu: a ce aƙalla 90 cikin 100 na dabbobin da suka shiga sun fita da rai.

Gundumar Orange, mai mutum sama da miliyan uku, inda Disneyland take, ba matalauciya ba ce. Amma gidan dabbobinta na da, wanda ke garin Orange kusa da gidan yarin Theo Lacy, tun 1941 aka gina shi, lokacin da yankin gonakin lemo ne. A 1995 majalisar gundumar ta ware dala miliyan 5 don sabon gini, aka sa rai da fili a sansanin jiragen soja na Tustin da aka rufe a 1999. Daga nan sai tafiyar hawainiya. Miƙa filin ya maƙale, aka yi ta kwan-gaba kwan-baya har shekara ashirin.

Abin da ya zaburar da hukuma shi ne kwamitin bincike na 'yan ƙasa. A Kalifoniya kowace gunduma tana da irinsa: mutanen gari ne, a Orange su 19, kotu ke rantsar da su na shekara guda su binciki ofisoshin gwamnati. A 2015 kwamitin ya fitar da rahoto biyu a kan gidan dabbobin, ginin yana da shekara 74 a lokacin. Ya yi maganar lalacewar gini, da rashin iska mai kyau a inda ake ajiye kyanwoyi, da mutuwar gwiwar ma'aikata. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanke keji da tiyo alhali karen yana ciki. Dabba a takure, ba inda za ta gudu, ruwa na zuba a ƙasan siminti, ta kwanta cikin danshi har ya bushe. Duk wanda ya taso da jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba, ya san cewa wanda ya kulle dabba ya ɗauki haƙƙinta a wuyansa. Hukuma ma haka.

Bayan rahotannin aka yi musayar fili da wata hukumar kwalejoji, aka fara gini. Garuruwan da ke haɗa gwiwa da gundumar aka ce su biya mafi yawan kuɗin, wasu suka ga tsada suka janye, 14 suka rage.

Sai annobar korona ta zo a 2020, aka rufe wurin kejin ga jama'a. Wannan kowa ya fahimta. Matsalar ita ce annoba ta wuce, ƙofa ba ta buɗe ba. Mai son kare sai ya duba hotuna a intanet, ya zaɓa, ya nemi lokaci, ma'aikaci ya fito masa da shi. Hukumar ta ce hakan na rage wa dabbobi firgita, yana kuma rage cizo. Akwai gaskiya a ciki, amma ni ban gamsu ba. Gani ya kori ji. Ƙaramin kwikwiyo mai kyan gashi hoto ya ishe shi samun gida. Babban kare da ya tsufa, baƙi, mai tabo a kunne, ba shi da abin da zai nuna a hoto. Damarsa ɗaya ce, mutum ya zo wucewa ta gaban kejinsa, ya taso yana kaɗa wutsiya, idanunsu su haɗu. Aka hana shi wannan, sai ya daɗe a kulle, daɗewar ta birkita shi, ya fara haushi da zagaye, a ƙarshe a rubuta cewa halinsa ba ya gyaruwa.

A daidai wannan lokaci kuma aka dakatar da shirin kama kyanwoyin unguwa, a yi musu aikin hana haihuwa da rigakafi, a mayar da su inda aka ɗauko su. Hujjar gundumar ita ce sakin kyanwa a titi na iya saɓa wa dokar jihar da ta haramta yasar da dabba. Su kuwa masu ceto suka ce duk kyanwar da aka bari ba aikin, 'ya'yanta ne za su cika gidan baɗi.

A watan Yunin 2023 wani sabon kwamitin 'yan ƙasa ya fitar da rahotonsa. Ya soki tsarin neman lokaci, ya nuna ƙarancin masu kula da keji, ya nemi a sake buɗe wurin ga jama'a, a kuma dawo da shirin kyanwoyin. Masu sa-kai suka yi ta cika zauren majalisar gunduma suna magana ɗaya bayan ɗaya. A farkon 2024 hukumar ta amince mutane su riƙa shiga suna zagaya kejin da ƙafarsu kullum, na 'yan sa'o'i da rana.