Binciken tsufa na dogon zango

Binciken tsufa na dogon zango nazari ne da ake bin mutane tun suna da sauran ƙarfinsu har su tsufa, ana sake auna su lokaci-lokaci. Manufarsa ita ce rarrabe abin da shekaru ke kawowa da abin da cuta ke kawowa.

Tarihi

A da, matasa da tsofaffi ake kwatantawa a lokaci guda, tsofaffin kuma galibi majinyata ne, sai aka riƙa ɗora wa tsufa laifin da na cuta ne. Jami'ar Duke a Amurka ta fara bin tsofaffi masu lafiya a 1955. A 1956 wani masani, K. Warner Schaie, ya soma na birnin Seattle, shi ma a Amurka, yana gwada basirar mutane duk shekara 7. Wanda ya fi suna shi ne na birnin Baltimore a Amurka, da aka fara a 1958 ƙarƙashin Nathan Shock. Maza kaɗai aka ɗauka da farko, mata sai 1978, jinkirin da ya rage wa sakamakon farko daraja. Mai shiga yakan yi kwanaki a cibiyar binciken, a ɗebi jininsa, a gwada ji da gani, ƙarfin damƙar hannu da saurin tafiya. Wanda ya kai 80 yana komawa kowace shekara.

Sakamako

Tsufa ba ya tafiya da taki ɗaya. A Baltimore, kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka bi aikin ƙodarsu bai ragu ba. A Seattle, yawancin fannonin basira ba su yi raguwar a zo a gani ba kafin shekara 60. Ruɗewar da ake ce wa gigin tsufa cuta ce, ba rabon kowane tsoho ba.

Suka

Yawancin mahalartan farko na waɗannan bincike Turawa ne masu ilimi da abin hannu, don haka ba lalle sakamakon ya dace da kowa ba.

A Afirka

An fara na Ibadan wajen 2003 zuwa 2004 da masu shekara 65 zuwa sama, na Agincourt a Afirka ta Kudu kuma wajen 2014 da masu 40 zuwa sama. A wuri irin Maradi wahalar farko ita ce sanin shekarun mutum. Dattawa da yawa ba a yi musu takardar haihuwa ba, shekarar da ke katinsu kintace ce. Sai a tambayi tsohuwa ko an haife ta kafin ambaliyar Gulbi ta 1945, wadda ta sa aka tada garin zuwa tudu, ko ƴaƴa nawa gare ta lokacin yunwar 1984.