Gwada Turancin yaran firamare: tambayoyi da amsoshi ga malamai da iyaye

Yaro ya ci maki 80 a jarrabawar Turanci, amma in baƙo ya tambaye shi sunansa da Turanci sai ya yi zuru. Ina gizo ke saƙar?

Gizo na saƙar ne a jikin jarrabawar kanta. Yawancin jarrabawar ƙarshen zango a kan allo ake rubuta ta, a ce yaro ya cike gurbi, kuma jimlolin su ne dai waɗanda aka rera a aji har aka haddace. Abin da aka gwada ke nan hadda ce da iya kwafe. Ga kuma amshi: in malami ya yi tambaya aji ya amsa baki ɗaya, yara biyar ne suka sani, sauran sun bi yarima sun sha kiɗa.

Iya harshe sassa huɗu ne: saurare, magana, karatu da rubutu. Ba tare suke girma ba, don haka kowanne daban ake gwada shi, kuma gwajin magana da na karatu ɗaya bayan ɗaya ake yi wa yara. Umarnin gwajin da Hausa ya kamata a bayar. In aka rubuta shi da Turancin da yaro bai iya karantawa ba, ba za a san ko aikin ne ya gagare shi ko umarnin ba.

Ta yaya za a gwada ɗan aji ɗaya ko biyu da bai iya rubutu ba tukuna?

Da kunne da hannu. A ajiye abubuwa shida zuwa takwas a kan tebur: littafi, fensir, kofi, jaka, takalmi, alli. A ba shi umarni goma, daga sauƙi zuwa mai wuya: "Touch the cup", sannan "Put the pencil under the book". Kowane umarni a faɗa sau biyu kacal. Kuskuren da malamai suka fi yi shi ne kallon abin ko nuna shi da leɓe ba su sani ba. Yaro kuwa fuskar malami yake karantawa. A riƙa sauya jerin, don waɗanda suka fito suna gaya wa na layi.

Gwajin magana bai kamata ya wuce minti uku zuwa biyar ba. A nuna hoton abin da yaro ya sani, kasuwa ko tsakar gida ko rijiya, a tambaye shi abin da yake gani. Maki huɗu sun isa: 0 in bai ce komai ba, 1 in kalma ɗaya-ɗaya ya kawo, 2 in ya haɗa kalmomi biyu ko uku, 3 in ya yi cikakkiyar jimla ko da akwai ɗan kuskure. Shiru ba kullum rashin sani ba ne. Yaron da aka tarbiyyantar da sunkuyar da kai gaban babba yana bukatar a fara da gaisuwa da 'yar hira cikin Hausa, a zauna daidai tsayinsa, bulala kuma ta yi nisa da wurin.

Karatu fa? Yaya ake gane mai karatun gaske da mai hadda?

Nan ne aikin ya fi yawa. Hanyar da ta fi shahara ita ce EGRA, wato gwajin karatun yaran ƙananan azuzuwa, wadda cibiyar RTI International ta Amurka ta tsara a 2006, aka kuma yi amfani da ita a makarantun Bauchi da Sakkwato. Malami zai iya aron tsarinta da takarda da agogon waya kawai.

Mataki na farko takarda ce mai baƙaƙe da wasula 100 a gauraye, manya da ƙanana. Yaro ya faɗi sautinsu cikin daƙiƙa 60. A gauraye suke don mai rera "A, B, C" tun daga farko ya tonu. Sai kalmomi 50 da aka saba gani, sannan kalmomin ƙirƙira 50 marasa ma'ana, irin su "lut" da "fid". Wasu malamai na ganin wannan ɓata lokaci ne, alhali shi ne zuciyar gwajin: kalmar da babu ita ba a haddace ta, sai wanda ya iya haɗa sauti da sauti zai karanta ta.

Daga nan sai gajeren labari na kimanin kalmomi 60 wanda yaro bai taɓa gani ba. Malami na riƙe da tasa takardar yana soke duk kalmar da aka kuskure. In yaro ya tsaya daƙiƙa uku a kan kalma, a soke ta a ce ya wuce gaba. In ya gyara kansa, an ba shi. In bai samu ko ɗaya ba a layin farko, a tsayar da gwajin a yi masa godiya. Babu amfanin wahalar da shi. Idan minti ya cika, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai. Wanda ya gama da wuri ana lissafa masa haka: kalmomi 56 daidai cikin daƙiƙa 40, a ninka 56 da 60 a raba da 40, ya zama 84 a minti. A ƙarshe a ɗauke takardar a yi tambayoyi kamar biyar, a kan iya inda ya karanta. Akwai yaran da ke zuba karatu kamar ruwa ba su fahimci komai ba, tambayoyin nan ne ke fito da su.

In ya ce "fan" a maimakon "pan", a soke?

Sai an duba me ake gwadawa. Babu p da v a baƙaƙen Hausa, shi ya sa p ke rikicewa da f, v kuma da b. Bahaushe kuma yakan cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyu, "school" ta koma "sukul". Wannan lafazi ne, kuma a gwajin saurin karatu ba a rage maki a kansa muddin a fili yake yaron ya gane kalmar. Don a tabbatar, a nuna hoton tukunya da na fanka a ce ya taɓa wanda aka ambata.

Wanda ya karanta "cat" da sautin c na "ciki" kuwa, kuskure ne a Turanci, amma albishir ne: ya iya karatun Hausa, ƙa'idarsa ya ɗauko. Bambancin kawai za a nuna masa. Shi ya sa yake da kyau a gwada karatun Hausa tare da na Turanci. Wanda ya karanta Hausa ya kasa Turanci, kalmomi da sautukan Turanci yake bukata. Wanda ya kasa duka biyun, tun daga baƙaƙe za a faro masa.

Rubutu?

Shifta ta kalmomi goma da gajerun jimloli biyu, daga aji uku kuma a ƙara hoto a ce ya rubuta jimla uku a kai. A ware makin ma'ana da na haɗa baƙaƙe. Kyan rubutun hannu ba Turanci ba ne, kada ya shiga lissafi.

Aji mai yara 80, ina lokacin yi wa kowa shi kaɗai?

Yara biyar a rana, 'yan mintuna kowanne, yayin da sauran ke aikin da aka ba su: kwana 16 na makaranta an zagaye ajin. A yi haka sau uku a shekara. In ma wannan ya yi yawa, akwai gajeren gwajin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da shi, mai sa yaro a ɗaya daga matakai biyar: bai san baƙi ba, baƙi, kalma, sakin layi, labari. Daga sakin layi ake farawa. In ya iya a haura, in ya kasa a sauko.

Sakamakon fa, me za a yi da shi?

A raba ajin rukuni-rukuni bisa mataki, a ware musu ko rabin awa ce kullum, kowane rukuni da aikinsa, a sake gwadawa bayan mako shida zuwa takwas da sabon labari mai wuya daidai da na farko. In aka maimaita tsohon, an koma gwada hadda. A katin sakamako kuma, "na 43 cikin 80" bai gaya wa uba komai ba. A rubuta masa da Hausa: "Tana gane umarni, tana karanta kalmomi 18 a minti, a zangon jiya 9 ne; a riƙa sauraron karatunta minti goma kowace yamma."