Dokar kare bayanai: ta ina ƙaramin ɗan kasuwa zai fara?

Wace doka ce wannan?

Ita ce Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 12 ga Yuni, 2023. Kafin ita akwai ƙa'idojin da NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, ta fitar a 2019. Wannan doka ce ta kafa Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya, wato NDPC, mai karɓar koke da cin tara.

Ni da nake da ɗan shago, ta shafe ni?

Ta shafe ka. Dokar ba ta ware wa ƙananan 'yan kasuwa ƙofar fita ba, kuma ba sai kana da kwamfuta ba, don ta haɗa har da abin da aka rubuta a takarda. Littafin bashi mai sunaye da lambobin waya, rajistar ɗaliban makarantar kuɗi, hoton katin NIN da mai POS ya ɗauka, duk bayanan mutane ne. Cikin abin da aka keɓe akwai wanda mutum ya ajiye don harkarsa ta gida kawai.

To me zan fara yi?

Ka zauna da biro da takarda ka lissafa abin da ke hannunka: bayanan wa, ina suke, wa ke iya ganinsu, kuma me ya sa ka karɓe su. Tambayar ƙarshen nan ita ce ke tona asiri. Tela yana buƙatar suna da awo da lambar waya, amma ina ruwansa da ranar haihuwa? Mai kai kaya gida yana buƙatar adireshi, ba BVN ba. Duk abin da ka rasa dalilinsa, ka daina karɓa, wanda ka riga ka tara kuma ka goge ko ka ƙona. A ganina wannan rabin aikin ke nan, kuma ko sisi ba ya ci. Abin da ba ka ajiye ba, ba a sace maka shi.

Daga nan sai tsaro. Ka sa wa wayar shago makulli, littattafai su shiga durowa, yaron shagon da ya bar aiki kuma a canza lambar sirrin da ya sani. Wannan na ƙarshe shi ake yawan mantawa, saboda kunya.

Dole sai na nemi izini kowane lokaci?

A'a. In mutum ya ba ka lambarsa don ka kai masa kaya, cinikin kansa hujja ne. Amma tura masa talla, ko jefa shi cikin guruf ɗin WhatsApp inda kowa ke ganin lambarsa, wani abu ne daban, sai ya yarda. Shiru ba yarda ba ne a wajen dokar, kuma yana iya janye izininsa duk ranar da ya so. Yana da haƙƙin ya ga abin da ka rubuta a kansa, ya ce a gyara ko a goge.

Masu kemis da ƙananan asibitoci su ƙara kula, domin bayanan lafiya, kamar na addini da ƙabila da hoton yatsa, dokar ta fi tsananta musu. Na yara kuwa sai da izinin iyaye.

Sai na yi rajista?

Rajista ta wajaba ne kan waɗanda dokar ta ɗauka masu riƙe da bayanai masu yawa ko masu muhimmanci. Ma'aunin hukumar yana farawa daga mutum sama da 200 cikin wata shida, ka ga makarantar firamare ma tana iya shiga. Irin waɗannan sai sun naɗa jami'in kula da bayanai.

In an sace wayar da bayanan ke ciki fa?

In abin zai iya cutar da masu bayanan, kana da awa 72 daga lokacin da ka sani ka sanar da NDPC. In haɗarin babba ne, su ma ka gaya musu nan take, don su rufe asusu kafin 'yan damfara su riga su.

Nawa ne tarar?

Ga ƙananan 'yan kasuwa da rajista ba ta wajaba a kansu ba, tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa. Ga manyan masu riƙe da bayanai, wato waɗanda rajista ta wajaba a kansu, miliyan 10 ne ko kashi 2 ɗin.