Daliget: Wakilin wa?

Duk lokacin da kakar fidda gwani ta zo, kalmar daliget sai ta cika gari. A teburin mai shayin unguwarmu akwai wani bawan Allah da tun 2022 sunansa na yanka ya ɓace, kowa Daliget yake ce masa, don ya je Abuja kwana uku ya dawo da sabon babur. In ya iso har matsa masa ake a benci. Wannan bai dame ni ba, rabonsa ne ya rantse. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda masu sharhi a rediyo ke cewa "daliget su ne masu jam'iyya", ko "daliget sun yanke hukunci, dimokuraɗiyya ta yi halinta", kamar dai daliget wani alƙali ne da ya sauko daga sama da ƙuri'a a aljihu.

Kalmar ta zo mana ne daga Turanci, su kuma daga Latin suka samo ta, inda tushenta ke nufin aikawa da wani a madadinka. Wato daliget ɗan aike ne. Ba nasa ba ne saƙon. Idan ka aiki yaro kasuwa ya sayo maka gero, ya haɗu da wani a hanya ya ba shi alewa, ya dawo maka da dusa, ba za ka ce yaro ya yanke hukunci ba. To amma akwai tambayar da ta fi wannan nauyi, wadda ban taɓa jin an yi ta a rediyo ba: wa ya tabbatar cewa wannan yaron shi ne ɗan aiken, ba wancan ba? Wanda ke da ikon amsa wannan tambayar shi ne mai jam'iyya na haƙiƙa. Kuma ban san wani misali da ya fito da haka fili kamar abin da ya faru a Amurka a 1912 ba, ƙasar da muka kwaikwayo tsarin shugaba mai cikakken iko daga gare ta a 1979.

Theodore Roosevelt ya mulki Amurka daga 1901 zuwa 1909. Da zai sauka, shi da kansa ya ɗauko amininsa kuma ministansa na yaƙi, William Howard Taft, ya ɗora shi takarar jam'iyyar Republican a 1908, Taft ya ci zaɓe ya gaje shi. Uban gida da yaronsa, ba sai an yi mana bayani ba. Roosevelt ya tafi farauta gabashin Afirka, ya ɓullo ta Khartoum a 1910, ya koma gida ya tarar yaron ba ya tafiya a kan layin da ya shata masa. A Fabrairun 1912 ya ce yana son kujerarsa.

A zamanin, yawancin daliget ba talaka ne ke zaɓensu ba. Shugabannin jam'iyya na jiha ne ke kiran taro su rubuta sunaye. Amma a shekarun an fara wani sabon abu, jihohi irin su Oregon da Wisconsin da North Dakota suka kafa dokar cewa a buɗe akwati, ɗan jam'iyya ya je ya nuna wanda yake so. A 1912 jihohi goma sha wani abu ne kawai cikin 48 suka yi irin wannan zaɓen. Roosevelt ya lashe tara, har da Ohio, mahaifar Taft. Shugaba mai ci ya sha ƙasa a gidansu. In da abin da talakan jam'iyya ke so ne ake bi, da magana ta ƙare a nan.

Sai dai Taft yana riƙe da wani abu da ya fi farin jini amfani. Jihohin kudu, inda jam'iyyar Republican ba ta cin zaɓe ko a mafarki a wancan lokacin, suna da kujerun daliget masu yawa, don da yawan jama'ar jiha ake rabo, ba da yawan ƙuri'ar da jam'iyya ke samu a can ba. Su wa ke cike kujerun? Galibi ma'aikatan da gwamnatin tarayya ta naɗa da mutanensu, shugabannin gidan waya da jami'an kwastan da masu karɓar haraji. Mutumin da shugaban ƙasa ne ya ba shi aiki kuma yana iya ƙwacewa gobe, a gaya min saƙon wa zai kai Chicago, inda za a yi babban taron fidda gwani. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Ga kuma inda gizo ke saƙa. Daga jihohi da yawa tawaga biyu ce ta iso, kowace na cewa ita ce halastacciya, ɗaya ta Taft ɗaya ta Roosevelt. Kujeru 254 ake jayayya a kansu, alhali daliget ɗin duka 1,078 ne, kuma mai neman tikiti 540 yake buƙata. Kwamitin jam'iyya na ƙasa, wanda mutanen Taft suka fi yawa a ciki, shi ya zauna ya tace. Ya ba Taft 235, ya ba Roosevelt 19. Gaskiya ɗaya ce, da yawa daga ƙorafin Roosevelt ba su da tushe, an shigar da su ne don a tada ƙura, har wasu mutanensa a kwamitin ba su goyi bayansu ba. Amma akwai irin na Texas da Washington da masana tarihi da dama ke ganin an yi masa ƙwace. A California ma, inda ya ci zaɓen jihar da rata mai faɗi kuma dokar jihar ta ce wanda ya ci ya kwashe duka, sai da aka zare kujeru biyu aka miƙa wa Taft.

Da aka buɗe babban taro a Chicago ranar 18 ga Yuni, sunayen da kwamiti ya amince da su ne aka zaunar a matsayin na wucin gadi. Da ƙuri'unsu aka zaɓi Sanata Elihu Root ya shugabanci taron, 558 da 501. Hukuncin da aka tafi a kai kuwa shi ne, daliget ɗin da ake jayayya a kansa ba zai jefa ƙuri'a a shari'ar kujerarsa ba, amma yana iya jefawa a ta maƙwabcinsa. Ka wanke ni in wanke ka. Mutanen Roosevelt da suka ga haka sai suka shiga goga takardar yashi da juna suna busa usur, suna kwaikwayon ƙarar motar nan mai danne kwalta, wai ga ta nan ta bi ta kansu. Roosevelt da kansa ya zo garin, abin da ɗan takara bai saba yi ba a lokacin, yana kiran abin sata ƙiri-ƙiri.

An ƙirga, Taft ya sami 561. Roosevelt 107. Daliget 344 suna zaune a zauren suka ƙi jefa ƙuri'a bisa umarninsa. To yanzu mai sharhin rediyo zai ce daliget sun yanke hukunci. Wane hukunci? An gama shari'ar tun kafin a buɗe ƙofar zauren, a ɗakin da aka rubuta sunaye.

Ba ina wanke Roosevelt ba ne, kada a yi min mummunar fahimta. Wannan injin da ya murƙushe shi, da shi ya yi amfani a 1908 ya ɗora Taft, har da daliget ɗin kudun, kuma a lokacin bai ga aibunsa ba. Ramin mugunta dai an ce a gina shi gajere. Sannan da ya fice ya kafa jam'iyyar Progressive a watan Agusta, wadda take taken a bar jama'a su yi mulki, sai jam'iyyar ta ƙi zaunar da tawagogin baƙar fata da suka zo daga jihohin kudu, don tana zawarcin ƙuri'ar farar fatar yankin. Shi ma da alƙalami ya zo hannunsa, tace sunaye ya yi.

Gaba ta kai ni, gobarar Titi a Jos. Woodrow Wilson na Democrat, wanda shi kansa sai a zagaye na 46 ya sami tikiti a Baltimore, ya shige ta tsakiyar rigimar da kusan kashi 42 cikin ɗari na ƙuri'un jama'a. A ƙuri'un wakilan jihohi masu naɗa shugaban ƙasa ya sami 435, Roosevelt 88. Af, su ma waɗannan wakilan na kan ji ana ce musu daliget a labarai, kuma kuskure ne: daliget na jam'iyya ne, aikinsa fidda ɗan takara, waɗancan kuwa tsarin mulkin ƙasa ne ya kafa su.

Mu dawo gida kaɗan. A 2022 dokar zaɓe ta bai wa jam'iyyu hanya uku, 'yar tinƙe ko daliget ko maslaha. Saboda yadda aka rubuta sashe na 84, masu zama daliget don muƙaminsu, gwamnoni da 'yan majalisa har da shugaban ƙasa, ba su sami jefa ƙuri'a ba, sai zaɓaɓɓu kawai. APC ta ɗauki uku daga kowace ƙaramar hukuma, PDP ɗaya. Tinubu ya ci da 1,271, Atiku da 371. An sha surutu kan abin da ake zargin daliget sun karɓa a otal-otal, an yi ta barkwanci da su. Amma ranar da aka zaɓi su daliget ɗin a mazaɓu da ƙananan hukumomi, mutum nawa ne suka je, wa ya gani? Na tambayi Daliget ɗinmu na teburin shayi wa ya zaɓe shi. Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Wallahi ranka ya daɗe, waya kawai aka yi min aka ce sunana ya fito."

Amurkawan ma ba su gyara nan take ba. Sun ɗan rage kujerun kudu kafin 1916, amma a 1920 Warren Harding, wanda bai taka rawar a zo a gani ba a zaɓukan jihohi, shi aka ba tikiti a zagaye na goma bayan manya sun kwana suna ƙus-ƙus a otal ɗin Blackstone. A 1968 Hubert Humphrey ya zama ɗan takarar Democrat ba tare da ya ci zaɓen fidda gwani ko a jiha ɗaya ba. Sai daga 1972 aka fara ɗaure yawancin daliget da abin da akwatin jiharsu ya faɗa, wato shekara sittin bayan rigimar Chicago. Shi kuwa Taft, mai daliget 561, a babban zaɓen 1912 jiha biyu ya ci, Utah da Vermont, ƙuri'un wakilan jihohi 8 kacal.